Ranar da Mama Ta Yi wa Ciyawa Kitso

Babana ya yi shekaru yana gaba da ciyawa. Tun da muka tare a gidanmu na East Greensboro a Amurka, duk Asabar sai ya fito da injin yankan ciyawa, yana turawa yana mita. "A Zariya tumaki ke wannan aikin, kuma su gode maka," in ji shi. "A nan ni da furfurata nake yi wa ƙasa aski." In lokacin zafi ne kuwa, zai yanke ta da safe, kafin ya shanye shayinsa ta sake fitowa tana leƙensa ta taga.

Wata rana aikinsa na kai kaya ya biya da shi wani gida a unguwar Irving Park. Ya ga ciyawa kore shar, ya sunkuya ya taɓa, ya ji roba ce. Ya dawo gida fuskarsa kamar wanda ya haƙo fetur a bayan ɗaki. Kawu, ƙanin Mama, can bakin teku yake zaune, kuma sana'arsa ke nan, shimfiɗa irin wannan ciyawar a gidajen hutu. Ya zo da naɗi guda a bayan motarsa, suka shimfiɗa a bayan gidanmu, Baba ya ba maƙwabci injinsa kyauta har da addu'a.

Wadda ta fi kowa morewa ni ce. Ni gola ce a ƙungiyar ƙwallon 'yan mata ta unguwarmu, kuma gola ba ta da aikin da ya wuce faɗuwa ƙasa. Kullum bayan makaranta sai in sa ƙanina Auta ya yi ta bugo min ƙwallo, ni kuma in yi ta tsalle ina zubewa a kan ciyawar. A nan na koyi faɗuwa ta hagu, wadda da nake tsoro. Mama tana cewa da zan faɗi a kan littafi kamar yadda nake faɗuwa a kan robar nan, da yanzu ina koyarwa a jami'a.

Shekaru suka yi aikinsu. Wanda bai zauna a garin nan cikin watan Yuli ba bai san laima ba. Iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Ka shanya riga da safe, da yamma ka same ta ta ƙara jiƙa. Kawu yana cewa namu wasa ne, a wajensu har cokali yana gumi. Ta gefen katanga, inda rana ba ta kaiwa kuma Mama ke watsa ruwan wankin shinkafa, gansakuka ta kafa gari. Sauran filin kuwa ya kwanta sumul kamar kan da aka shafa wa man shanu, don Mama ba ta yarda tsakar gida ta kwana ba shara ba. Kowace safiya sai ta fito da tsintsiyar da aka aiko mata daga gida, ta fara daga bakin ƙofa ta nufi katanga. Ko ganye ɗaya ne ya faɗo sai an share filin duka.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kashe mu shi ne kan rago.

Da Babbar Sallah aka yanka mana rago a wata gona can wajen Summerfield. Baba ya ce kai da ƙafafu ba za a bar su a baya ba, shi da kansa zai yi babbaka. Ya jera bulo a tsakiyar fili, ya ɗora kasko, ya hura gawayi.

"Malam, robar nan fa," in ji Mama daga taga.

"Ba ki ga bulo ba?"

Na ga bulo. Na kuma ga lokacin da ya juya kan ragon, ƙaho ya zunguri bakin kaskon, garwashi ya zube. Ragon nan ya mutu tun safe, amma sai da ya rama. Ciyawa ta yi wata irin ƙara, ta narke, ta bar baƙin tabo mai faɗin tiren shayi. Ƙaurin da ya tashi, na tabbata har a wata jihar an rufe taga.

Baba ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallon tabon, can ya ce, "Ciyawar da ba ta iya jure ɗan garwashi, ai ba ciyawa ba ce."

Daga ranar ya daina zama a bayan gida. In ya fito zubar da shara sai ya kau da kai kamar ya hango wanda suka ɓata. Ba a jima ba, muna cin tuwo, ya sanar da hukunci: a kwashe robar, a zuba siminti. "Daɓe mai kyau irin na gidanmu. A share, a wanke, a shimfiɗa tabarma. Na yi magana da mai aikin, ƙarshen wata zai zo."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Gwajin zaɓen gola ta ɗaya yana tafe da an koma makaranta, kuma ban taɓa jin golar da ta koyi faɗuwa a kan siminti ta rayu ba. Na fara zuba bayani da Turanci.

"Da Hausa, Uwata," in ji Baba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka, kuma dokar gidanmu ita ce duk mai roƙo ya roƙa da Hausa.

Na tattaro duk Hausar da nake da ita. "Baba, in na gyara wurin har ka kasa gane shi, za ka bar ta?"

Ya yi dariya. "Ni zan kasa gane wurin? Ni da na ƙo… ni da abin ya faru a gabana?"

"In ka ɗora yatsanka a kan facin, ni zan riƙe wa mai siminti buta."

"Hajiya, ki shaida," ya ce da Mama.

"Ni ba ruwana," in ji ta. "Tsakaninki da ubanki ne."

Washegari na kalli bidiyo rabi, na kira Kawu na saurari maganarsa kwata, na ji na zama gwana. A gareji akwai ragowar naɗin da gwangwanin gam da ƙyallen da ake sawa a ƙarƙashin haɗi. Na ɗauki wuƙar yankan kwali na yanke baƙin tabon, na yanko sabon yanki, na zuba gam kamar ina zuba miya, na danna da ƙafa. Da yamma ne, kuma a garin nan hadarin yamma ba ya sallama. Kafin in wanke hannu sama ta buɗe.

Da safe na fita duba aikina. Facin ya yi kore mai duhu a tsakiyar fili mai haske, gam ya kumbura ya fito fari ta gefe, kusurwa ɗaya ta ɗaga kamar tana gaisuwa.

"Yaya, daga jirgin sama ma za a hango shi," in ji Auta.

Baba ya fito zai tafi aiki. Karon farko tun Sallah ya kalli tsakiyar filin kai tsaye. Ya matso, ya ɗan rusuna ya ce wa facin, "Sannu, baƙo. Daga wane gari?" Ya wuce yana murmushi har mota.

Na zauna a bakin ƙofa ina tunanin yadda gwiwoyina za su kasance a kan daɓe. Sai ga Mama da tsintsiya. Ta fara shararta, ta iso wurin facin, ta tsaya. Ta karkata kai. Ta ajiye tsintsiyar ta tsuguna, ta shafa facin da tafin hannu gaba da baya, ta shafa na gefensa.

"Wa ya yi wannan kitson?"

"Ba kitso ba ne, Mama."

"Kin juya masa kai. Dubi, wannan gashin yana kallon katanga, naki yana kallon gidan maƙwabta. Dole ya yi wani launi daban." Ta tsinko sili ɗaya ta murza a yatsa, ta ɗaga shi ga rana. Sai ta yi dariya. "Ikon Allah. Shekara da shekaru ina share gashin doki ban sani ba."

Gashin doki shi ne gashin roban da ake ƙarawa a kitso, kuma Mama ta san shi fiye da yadda ta san mu. Duk ƙarshen mako falonmu cike yake da mata, tana yi musu kitso, ni kuma ina tsaye a gefe ina rarraba mata gashin sili sili har yatsuna su mutu. Na tsani aikin nan. Amma da na ga yadda take kallon ciyawar, na gane cetona yana tsugune a gabana da ɗankwali.

"Ki taimake ni, Mama."

"Na ce miki ba ruwana." Ta ɗauki tsintsiyarta.

"Gaskiya ne," na ce, ina kallon ƙasa. "Kawu ma ya ce wannan aikin ya fi ƙarfin masu kitso."

Kawu bai faɗi haka ba. Amma a ganina mutum ne da zai iya faɗa.

Mama ta zaro waya daga ƙugu. Ina jin Kawu yana amsawa da fara'a, "Yaya, ina kwana," ita kuwa ko gaisuwar ba ta amsa ba.

"Kai ne ka ce aikinka ya fi ƙarfina? Ni da na yi maka wanka har ka shiga makaranta?"

"Ni? Yaushe? Yaya, wallahi…"

"Bar rantsuwa. Faɗa min yadda ake liƙa abin nan, in nuna maka."

Bawan Allah bai san laifinsa ba, amma ya zage ya yi bayani, kuma wannan karon an saurare shi. Ya ce gam da laima ba sa shiri, dole ƙasan ya bushe ƙarau, kuma a yi aikin da hantsi ranar da sama take fes. Ya ce a yanka ta baya, a bi layin ɗinki. Ya ce a danne da abu mai nauyi har gam ya kama. Gansakuka kuwa, ruwan kal da burushi, kuma a daina ba ta ruwan shinkafa.

"Wa ya ce maka ina zuba ruwan shinkafa?" in ji Mama, tana kallona. Na duƙufa ina nazarin farcena.

Sauran dabarar duk tata ce. Ta ɗora sabon yanki a kan tsohuwar ciyawa, ta juya shi daidai, ta ja baya ta girgiza kai. Ta ce ko an daidaita kwanciyarsa ba zai ɓace ba, don rana ta cinye launin tsohon. "In kika sa sabon gashi a tsohon kitso, daga bakin titi ake ganewa." Ta zagaya filin tana dubawa har ta kai bayan injin esi mai sanyaya gida, inda ba mai zuwa sai kyanwar maƙwabta. Ciyawar wurin ta sha rana daidai da sauran. Ta ce daga nan za mu yanko na facin, sabon kuma mu cusa shi a gurbinsa.

Muka shiga jiran rana. Ban taɓa kallon sama irin na makon nan ba. Ƙarshen wata yana matsowa, kullum hadari, Baba kuma kullum sai ya yi waya da mai siminti a gabana da murya mai ƙarfi. Ranar da gari ya waye tas, yana fita muka fito kamar masu shirin tiyata. Auta ya riƙe tamfol ko da sama za ta canza shawara. Ni na jawo wayar wuta daga kicin. Mama ta fito da jakar kitsonta.

Muka ɓamɓare aikina na farko, ta kankare gam ɗin tana tsaki. Ta miƙo min dirayar gashi ta ce in busar da ƙasa. Maƙwabcinmu, wanda ya gaji injin Baba, ya leƙo ta katanga ya ga yarinya tana busar wa ƙasa kai. Ya juya ya koma gida.

Mama ba ta yanka komai ba sai da ta yi tsaga. Ta sa tsinken kitso ta raba silin ciyawar gida biyu, layi miƙaƙƙe kamar na amarya, ta kama kowane gefe da maƙalan gashi, sannan ta sa wuƙa a tsakani. Ko sili ɗaya bai yanke ba. Ni da na yi nawa, sai da na tara gashin da zai cika matashi. Muka zura ƙyallen haɗi a ƙasa, ta shafa gam siriri da tsohon mataji, ta ɗauko yankin da muka yanko, ta shafa shi ta ji inda yake kallo, ta kwantar da shi a hankali.

"Riƙe nan. Kada ki motsa."

"Mama, hannuna ya gaji."

"Haka kike cewa duk Asabar, kuma har yau bai faɗi ba."

Abu mai nauyi a gidanmu bai wuce buhun shinkafa ba. Ni da Auta muka jawo shi muna nishi, muka ɗora a kan facin, muka rufe da tamfol. Ranar nan taliya aka ci. Da Baba ya tambayi shinkafa, Mama ta ce tana wurin aiki.

Kafin gam ya kama na goge gansakuka har hancina ya daina jin komai sai tsamin kal. Da muka ɗage buhun, haɗin ya zauna daram. Sai dai buhun ya danne wurin, kuma sauran filin ma a kwance yake, ga layin haɗin yana ɗan nunawa. Dama Kawu ya ce a watsa yashi mai laushi, sannan a share da ƙarfi ta inda gashin ba ya so, har ya miƙe tsaye ya rufe layin. Gashin yana kallon katanga. Ke nan a fara daga katanga a nufo ƙofar gida.

Mama ta ajiye tsintsiya. "A'a. Wannan kam ban da ni."

"Me ya faru?"

"Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an share tsakar gida zuwa ɗaki ba. Datti waje ake kai shi. Sai in kwaso shi in kawo bakin ƙofata? Hajiyoyin garin nan su ji?"

A raina na ga siminti yana tahowa a tirela. Mun zo ƙarshe, kuma abin da zai kayar da ni alƙiblar tsintsiya ce. Na dubi jakar kitson da ke gefenta.

"Mama, ke kika ce gashin doki ne."

"Na ce."

"To ai ba a share gashi. Taje shi ake yi. In mace ta zo kanta ya kwanta, ta ina kike sa mataji?"

Ta kalli filin, ta kalle ni. "Ta ƙasa, in ɗaga shi sama."

"To wannan ba shara ba ce. Taza ce."

"Bakinki zai kai ki inda ƙafarki ba ta zuwa," in ji ta. Amma ta ɗauki tsintsiyar, ta tafi bakin katanga, ta juyo ta fuskanci gida. Ta yi bisimilla kamar mai shiga ruwan sanyi, ta fara. Ni na bi ta da burushin wanke mota, Auta yana watsa yashi. Ciyawar da ta yi shekaru a kwance ta fara miƙewa layi layi, launinta yana dawowa. Da muka iso bakin ƙofa muka waiwaya, ni kaina sai da na nemi facin na rasa.

Baba ya zo duba aiki ranar Asabar bayan la'asar. Ya cire takalmi, ya goya hannu a baya, ya shiga fili kamar alƙali. Mu uku muka jeru a bakin ƙofa. Ya je tsakiya ya tsaya, ya dubi taga, ya dubi katanga, yana lissafin inda ya ajiye kasko. Ya nuna da babban yatsan ƙafa.

"Nan."

Mama ta je da tsinkenta ta yi tsaga a wurin. Babu haɗi.

"Na ce nan," ya matsa gefe. Ta sake tsagawa. Babu.

Ya sa tabarau. Ya cire tabarau. Ya durƙusa yana shafawa, har na ga ya kai hanci ƙasa yana neman ƙauri. Akwai lokacin da gwiwarsa take kan facin sosai, Auta ya fara wani irin tari, na taka masa ƙafa.

Can Baba ya miƙe ya fara zagaye gefe gefe. Ya leƙa bayan esi, sai ya yi tsalle kamar yaro. "Ga shi! Ga baƙon nan! Na kama ku!"

Mama kuwa ko gezau. Ta gyara ɗankwali ta ce, "Malam, a nan ka yi babbakar? Bayan esi?"

"A'a, amma…"

"Yarinya ta ce wurin da ya ƙone. Ni ka sa shaida. In ka manta inda ya ƙone, sai mu kira maƙwabta su tuna maka, ai duk sun ji ƙaurin."

Baba ya dubi sabon yankin, ya dubi filin da ke tsaye kore har katanga. Gemunsa ya fara rawa, alamar dariya tana neman hanya. Ya zaro waya ya kira mai siminti, ya ce masa an samu canji, aikin ya ragu. Na yi ihun da ya tashi tsuntsayen unguwa.

Mai siminti ya zo ƙarshen wata kamar yadda aka yi da shi. Ya zuba ɗan daɓe mai faɗin tabarma can ƙuryar katanga, inda gansakuka take a da. Nan ne fadar kaskon Baba yanzu, kuma ba a yarda ya matsa da shi ko taku ɗaya ba. Mama har yau daga katanga take farawa ta nufo ƙofa. Wata Anti da ta zo kitso ta gan ta ta taga ta riƙe baki, Mama ta ce mata, "Ba shara nake ba, taje kai nake," ta ci gaba da abinta.

Amma ranar Asabar ɗin da ya duba aikin, bayan ya kashe waya, Baba bai sa takalminsa ba. Ya ce wa Auta ya miƙo ƙwallo. Ya naɗe ƙafar wando, ya ja baya har jikin katanga, ya ce, "Uwata, shiga raga mu ga abin da aka hana ni siminti dominsa."

Ya bugo ta hagu, da ƙarfin mutumin da aka kayar a gaban iyalinsa. Na tashi sama na cafke ta, na zube da kafaɗa a tsakiyar fili, daidai kan facin. Bai motsa ba. Na kwanta a wurin rungume da ƙwallo, ciyawa tana sosa min kunne, ban gaya masa a kan me nake kwance ba.